Asabar a Baton Ruj: Mai Ciwon Suga a Tsakiyar Tukwane

Tun damina ta kankama ɗan yayana da ke aiki a Hiyustan, can jihar Teksas, yake matsa mini in leƙo su. Biza ta fito, kuɗin jirgi shi ya biya, ba ni da sauran uzuri sai ciwon suga da hawan jinin da nake lallaɓawa shekara da shekaru. Uwargida ta haɗa mini magunguna a leda guda, na'urar gwajin suga a wata, sannan ta cusa ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, zoɓo da busasshiyar citta a lungunan akwati. Kilishi kuwa yaron ya yi ta nanatawa a waya: "Baffa, don Allah ko yanki ɗaya kada ya shiga jakarka." Na bar shi a Zariya ina ji ina gani.

Mota zuwa Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, jirgin sama zuwa Istanbul, daga nan kuma wajen awa 13 a sararin samaniya. Babu abin ba da labari a ciki sai kumburin ƙafa.

A filin jirgin Hiyustan ne na fahimci dalilin nacin yaron. Bayan dogon layi, jami'in shige da fice ya ɗauki hotona, ya tambaye ni wurin wa na zo, ina zan kwana, yaushe zan koma. Sai ya ce, "Ka zo da abinci?" Na ce na zo da shi. Aka tura ni wani layin, inda wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ke zagaya akwatuna yana sansanawa. Matar da ta buɗe nawa ta ɗaga ƙullin kuka ta duba, ta ɗaga zoɓo ta ajiye. Da ta kwance ledar daddawa sai ta ja da baya ta yamutsa fuska, abokin aikinta ya fashe da dariya. Na yi mata bayani cewa 'ya'yan ɗorawa ne aka dafa aka bari suka ruɓa, da su muke miya. Ta ɗaure ta mayar mini. Abin da suke farauta shi ne nama, ɗanyun 'ya'yan itatuwa da irin shuka, saboda cututtukan dabbobi da ƙwarin gona. Wanda ya faɗi gaskiya, iyaka a karɓe abin. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce ke hawa kansa. Wani bawan Allah da ke gabana busasshen namansa kaf aka zuba a kwandon shara yana tsaye.

Kwanakin farko barci da ziyara suka cinye su. An kai ni titin Bissonnet, inda shagunan 'yan Najeriya suka yi jere har mutum ya manta ƙasar da yake. Ana cikin haka ƙanwar yaron, wadda ke digiri na biyu kan ilimin abinci mai gina jiki a Jami'ar Jihar Luwiziyana da ke Baton Ruj, ta bugo waya. Ta ce ranar Asabar ƙungiyar jami'arsu za ta buga ƙwallon Amurka a gida, wannan mai kama da zari-ruga, kuma abokan karatunta sun kafa rumfa.

"Baffa, ba don ƙwallon nake kiran ka ba," in ji ta. "Telget za ka gani. Tun safe mutane ke zuwa da motoci, su buɗe bayan a-kori-kura, su kafa tukwane, a yi ta ci har a shiga fili da yamma."

Na ce, "'Yata, kin manta da wanda kike magana? Mai suga za ki kai gidan biki na yini guda?"

Ta ce ai shi ya sa. Tukunyarmu za mu je da ita.

Ranar Alhamis muka yi cefane. A titin Hillcroft akwai mahautan halal na 'yan Pakistan da Larabawa. A can muka sayi cinyoyin kaji muka sa aka feɗe fatar, da naman sa marar kitse. Sai kabeji, tumatir, albasa, kokwamba, kankana biyu, farin wake, dankalin Hausa da ƙanƙara. Kuɗin ya tashi wajen dala 120. Na fara lissafa shi da naira a zuci, na ga idan na ci gaba jinina zai hau tun kafin gishiri ya taɓa shi, sai na bari. Da dare matar yaron ta daka yaji: ƙuli-ƙuli, citta, barkono, masoro, kanumfari, tafarnuwa. Gishiri ɗan kaɗan ta barbaɗa, dunƙulen ɗanɗano kuwa ko ɗaya ba ta sa ba, bisa umarnin da aka aiko daga Baton Ruj. Na ɗanɗana na yi shiru. A raina na ce wannan yajin ba zai fita kunya ba.

Bayan sallar Juma'a muka ɗauki babbar hanya mai lamba 10, muka nufi gabas. Tsakanin Hiyustan da Baton Ruj kusan kilomita 430 ne, tafiyar awa huɗu in hanya ta yi kyau. A Baytown muka tsaya shan mai a wani gidan mai da ake kira Buc-ee's, wanda famfunansa suka fi ƙarfin in ƙirga, shagonsa kuma ya kai wata ƙaramar kasuwa. Galan guda, wato lita huɗu ba kaɗan, bai kai dala 3 ba. A cikin shagon akwai bango guda na busasshen nama iri-iri a leda, ga alewa, ga kofunan lemo waɗanda ɗaya zai cika ƙaramar buta. Na juya bayan wata leda na sa yaron ya karanta mini: gishiri da sukari ne a sahun gaba. Muka sayi ruwa da gyaɗa marar gishiri muka fita.

Tun daga nan har muka isa, babu shinge ko ɗaya, babu wanda ya ɗaga mana hannu. Sai dai jefi-jefi ka hango motar 'yan sanda ta laɓe a tsakiyar ciyawa tana jiran mai gudu, kuma kowa ya san da ita, shi ya sa ƙafar kowa ke da hankali. Muka wuce matatun mai na Beaumont, muka haye kogin Sabine muka shiga Luwiziyana, muka wuce Lake Charles. Daga nan sai gonakin shinkafa shimfiɗe hagu da dama wajen Crowley, ƙasa a baje kamar Kadawa. Kusa da Lafayette allunan talla suka fara yawa, duk na abu ɗaya: budan, wato hanjin alade da aka ɗura wa shinkafa da nama, da kuma soyayyar fatar alade. Yaron ya dube ni ya ce, "Baffa, gobe sai ka riƙa tambaya kafin ka miƙa hannu." Bayan Lafayette muka hau gadar Atchafalaya, kilomita 29 a kan fadama, ruwa da itatuwa tsaye a cikinsa har iyakar gani. Ban taɓa zaton ana gina hanya mai wannan tsawo a kan ƙafafun siminti ba.

Masauki a cikin Baton Ruj ya gagara. Duk ranar da ake wasa a gida otal-otal kan cika, kuɗinsu ya ninka, wasu ma sai ka biya kwana biyu ko da ɗaya za ka yi. Muka samu wani ɗan masauki a Port Allen, tsallaken kogin Misisifi, dala 190 ɗaki guda, ɗakin da mai karɓar baƙi da kansa ya ce a sauran ranaku bai kai rabin haka ba. Gado biyu, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara, da warin tsohuwar taba a labule. Daga taga ana hango dogon ginin majalisar jihar, mai hawa 34, wanda ya fi na kowace jiha tsawo a Amurka.

Da asuba 'yar ta iso da ƙwai dafaffe da kunun alkama marar sukari. Na ce mata wane irin abu ne mutum zai je wurin cin abinci kuma ya cika ciki tun daga gida? Ta ce, "Baffa, wanda ya shiga wurin nan da yunwa, idonsa ne zai zaɓar masa abinci. Ci ka sha maganinka." Na gwada suga, na ci, na sha.

Ƙarfe takwas na safe muka shiga harabar jami'ar, wasa kuwa sai bayan magariba, amma mun tarar da gari ya riga ya tashi. Ƙarƙashin manyan itatuwan da suka yi wa harabar rumfa, babu inda ba a kafa tanti ba. Kowa sanye da shunayya da rawaya, tun daga jariri a keke har tsohuwa mai sanda. Janareta na ruri, talabijin rataye a jikin tanti, kujerun naɗewa, kuloli jibge, hayaƙi ta ko'ina. Wasu tun daren Juma'a suka kwana a manyan motocin nan masu ɗaki da bayi a ciki. Akwai iyalan da suka shekara da shekaru a gindin bishiya guda, uba ya gada daga kaka, kuma babu mai taɓa musu wuri. Filin wasan yana ɗaukar mutum 102,321, amma an ce mini da yawa daga waɗanda ke waje ba su da tikiti ma, ba kuma su damu ba. Ci da hira suka kawo su.

Maƙwabcin rumfarmu wani dattijo ne Bature, jajir, mai ƙaton ciki, wanda ya yi ritaya daga wata masana'antar sinadarai a bakin kogi. Gabansa baƙar tukunyar ƙarfe ce wadda za ta ci shinkafa rabin buhu, a kan murhun gas, yana juya ta da wani abu mai kama da filafilin kwalekwale. Na matsa ina kallo. Ya fara soya nama har ya kama gindin tukunya ya yi baƙi-baƙi, ya zuba albasa da koren tattasai da seleri, ya kankare ƙanzon da ruwa, sannan shinkafa ta bi. Jambalaya ke nan. Dafa-duka ce tsaf, sai dai tasu ta wannan yanki ba tumatir, launinta daga ƙanzon nama yake fitowa. Ƙamshin ya kai inda ya kai.

Yana ɗagowa ya gan ni da hula da doguwar riga, ya tambayi daga ina. Na ce Najeriya. Kafin in rufe baki ya cika faranti ya miƙo.

A nan ne na ga inda mutanen nan suka yi kama da mu, kuma a nan wahalar take. Ba sa tambayar ko kana jin yunwa. Ko magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta, sai sun gama yi musu ihun tsokana cewa su abincin damisa ne, don damisa ce alamar ƙungiyar masu gida, sannan su jawo su cikin tanti su cika musu faranti. Ƙin karɓa kuwa kamar ka mayar wa mutum da hannunsa ne. Na gode masa, na ce ni Musulmi ne, ko akwai alade a ciki? Ya dubi tukunyar, ya dube ni, fuskarsa ta faɗi. Alade ne tun daga man har tsiran. Ya waiwaya teburinsa yana neman abin da zai ba ni: wake da shinkafa, an dafa da ƙashin alade, koren wake, an naɗe shi da kitsen alade, ganye ma da alade aka dafa shi. Ya miƙo gwangwanin giya, ya tuna, ya mayar. Ya miƙo lemo, na ce ina da suga. Dattijon nan ya ɗaga hannu sama ya ce, "To kai me kake ci a duniya?" Muka yi dariya tare, amma na ga abin ya dame shi.

Da na dawo rumfarmu 'yar ta zaunar da ni, tana jera tsire a kan waya tana magana. Ta ce matsalar wurin nan ba faranti guda ba ce. Mutum zai yi awa tara ko goma a tsaye, hannu na zuwa baki ba tare da ya taɓa zama ya ce yanzu ina cin abinci ba. Soyayyen dankali a nan, fiffiken kaza a can, cuku narkakke a gaba, kuma duk gishiri ne, gishirin ya kira ƙishirwa, ƙishirwa ta kira lemo ko giya. Ta ɗauko gwangwanin Coca-Cola daga kular maƙwabta ta nuna mini bayansa: giram 39 na sukari, kusan ƙaramin cokali goma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shawararta ita ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 na irin wannan sukarin a yini, gishiri kuma ƙasa da giram 5, wato ƙaramin cokali guda. Ta ce a nan kafin azahar mutum ya wuce duka biyun bai sani ba.

Abin da ya ba ni mamaki, ta ce a cikin garin nan, a titin Perkins, akwai cibiyar bincike ta Pennington, wadda aikinta ke nan: ƙiba, ciwon suga da abinci. Tana cikin cibiyoyin da aka gwada tsarin cin abincin nan na rage hawan jini da ake kira DASH, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1997: yawaita ganye, 'ya'yan itatuwa, wake da hatsi, rage kitse. Ga masana a gari, ga kuma Luwiziyana kullum tana cikin jihohin da suka fi yawan masu ƙiba a ƙasar. Na ce mata ai ba a Amurka kaɗai ba. Mu da muke da zogale a bayan gida, ranar suna ko ɗaurin aure me muke jerawa? Lemon kwalba kiret-kiret, shinkafa tana ninƙaya a mai, cincin da kek. Bayan Babbar Sallah kuma a yi mako ana cin soyayyen nama safe da yamma. Mai shayin unguwarmu in bai zuba sukari ya kai rabin kofi ba sai a ce ya yi rowa. Ba ni da bakin yi wa kowa dariya.

Dokar da ta kafa mini mai sauƙi ce. Faranti ɗaya, ƙarami, kuma a zaune. Rabinsa ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi, sauran kashin wake ko dankali. In na gama in jefar da farantin, in juya wa tebur baya, in riƙe gorar ruwa a hannu don kada hannun ya zauna banza. Sai bayan awa uku ko huɗu a sake.

Teburinmu ga abin da ke kai: tsiren kaza da na sa, kwaɗon kabeji da tumatir da albasa da garin ƙuli-ƙuli da lemon tsami, wake da aka dafa da albasa da ɗan mai kaɗan, dankalin Hausa da aka gasa da ɓawonsa, wanda ta ce irin Beauregard ne, kuma a wannan jami'ar aka samar da shi a 1987, kankana yankakkiya, sai zoɓo da citta a babbar kula, ba sukari, wanda ke so ga zuma a gefe. Wata abokiyar karatunta ta kawo faffaɗan tire na ɗanyen karas da seleri da farin kabeji, an jera su gwanin sha'awa.

Kafin a buɗe, 'yar ta ɗauko kwali ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa akwai gyaɗa a tsiren da kwaɗon, ta kafa a gaba. Na ce wannan kuma na mene ne? Ta ce a ƙasar nan akwai mutanen da ƙwayar gyaɗa ɗaya kan toshe musu numfashi har a kwashe su zuwa asibiti, yara musamman. Ban daɗe ba na ga wata uwa ta karanta kwalin ta janye ɗanta.

Wani abin da na zuba wa ido shi ne ɗan tsinken ƙarfe mai agogo da take soka wa kowace cinyar kaza. Sai ya nuna 74 a ma'aunin Salsiyas take sauke ta. Mai tsiren bakin tasha da ido da yatsa yake ganewa, na faɗa mata, ta ce shi ya shekara talatin a tukuba, ita kuwa ba ta yi ba. Kula biyu ta ware, ɗaya ta ɗanyen nama wadda ba mai buɗewa sai ita, ɗaya ta abin sha. Wajen sha ɗaya zafi ya haura 32, ga wani irin gumi mai danƙo da ba ya bushewa, irin wanda ba mu san shi ba a arewa. Ta ce a ƙa'idar hukumar aikin gona ta ƙasar, abincin da ke lalacewa ba ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya kai haka kuwa awa guda ce, daga nan sai shara. A gabana wani saurayi ya juye kwano guda na dankalin Turawa da aka cakuɗa da mayonis da ƙwai a leda. Raina ya sosu, don a gidanmu ko ƙanzo ba a zubarwa. Na ce mata almubazzaranci fa? Ta ce shi ya sa namu kaɗan-kaɗan take fitowa da shi daga ƙanƙara, in ya ƙare a ƙaro. Har muka tashi ba mu zubar da ko cokali ba.

Hayaƙin yaji kuwa ya yi mana talla. Da farko ɗalibai ne, sai iyayensu, sai mutanen da ba mu san daga inda suka ɓullo ba. Wani ya ci tsinke guda, ya tsaya, hawaye ya taru masa, ya miƙo hannu a ƙara. Mutanen Luwiziyana ba baƙin barkono ba ne, a jiharsu ake yin Tabasco, ruwan barkonon nan na kwalba, tun 1868, amma gyaɗa a jikin gasasshen nama sabon abu ne gare su. Yajin da na raina da daddare, a kan wuta sai ya zama wani abu dabam. Citta da masoro suka rufe gurbin gishirin, ni kaina ban nemi ƙari ba. Kafin la'asar tsire ya ƙare, kwaɗo ya ƙare, an kankare kwanon wake. Tiren karas kuwa yana nan yadda aka kawo shi, sai gefe guda da mai shi ta ɗan taɓa don kunya. Ba wanda ya zo rumfarmu don neman lafiya. Daɗi suka ji suka dawo, kuma ina ganin duk mai son ya gyara cin mutane a irin wannan taro, in bai fara daga nan ba, zai koma gida da tirensa.

Da azahar muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa darduma a bayan wata bishiya. Ba wanda ya ce mana uffan. Wani ma ya rage ƙarar rediyonsa har muka sallame.

Muna dawowa wata mata baƙar fata, ma'aikaciyar jinya, daga tanti na uku, ta aiko a kira "baƙon Afirka". Ta ji labarin abin da ya faru da dattijo. Ta ce tata miyar ba alade, jatan lande ne da kuɓewa. Gambo suke ce mata. Na leƙa tukunya na ga miyar kuɓewa ce ta yi duhu, ana zuba ta a kan 'yar shinkafa. Ta ce asali ana soya fulawa ne a cikin mai, kusan ma'auni ɗaya da ɗaya, ana juyawa har ta yi launin ƙasa, shi ne gindin miyar. Amma tun da zuciyar mijinta ta fara ba shi matsala, sai ta koma gasa fulawar a tanda ba mai, ta bar tsiran alade, ta ninka kuɓewa. Mijin na gefe yana jin mu, ya ce shekarar farko ya yi ta ƙorafi, yanzu kuwa ta gidan wasu ce ke masa nauyi. Ta barbaɗa wani koren gari a kan nawa, garin busasshen ganyen wata bishiya da suka koya daga 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Choctaw. Yana shiga miyar ta ƙara kauri da yauƙi. Na ce mata mu ma muna da irinsa, daga ganyen kuka. Ta riƙe hannuna ta ce kakarta takan ce girkinsu daga can ya taso. Ba ta yi ƙarya ba: tun 1719 jiragen bayi suka fara sauka a Luwiziyana, akasarin bayin shekarun farko daga yankin Senegal da Gambiya, mutanen da suka san noman shinkafa tun a gida. Na ci rabin kofi da cokali biyu na shinkafa, 'yar tana tsaye a kaina tana lissafi.

Ba a jima ba sai ga dattijon nan da kansa, riƙe da wani abu a naɗe. Ashe aika ɗansa ya yi aka samo kifi, ya shimfiɗa sabuwar takardar alminiyam don kada ya taɓa wayar da aka gasa alade, ya gasa shi da lemon tsami da tafarnuwa. Ya ce, "Wannan ba alade, ba giya, ba sukari. In ka ƙi shi, mun ɓata." Lokacin cin nawa bai yi ba bisa dokar 'yar, amma na dube ta, ta kau da kai. Na zauna na ci, shi kuma ya ja kujera ya cinye tsinken tsire uku da muka ɓoye wa kanmu.

Da la'asar muka taka zuwa inda jami'ar ke ajiye damisarta mai rai, Mike, a wani lambu mai tafki daura da filin wasa. Tana kwance a inuwa, ko kallon dubban da suka zo ganin ta ba ta yi. Daga nan muka tsaya cikin cunkoso muka ga 'yan badujalar jami'a suna gangarowa daga tudu da ganguna da ƙahoni, jama'a na ihu. A nan zafi da tafiya suka tambaye ni. Na ji hannuna na rawa, gumi mai sanyi ya keto. Yaron ya samo mini dakali, na gwada, suga ya yi ƙasa. Dabino uku da ke aljihuna na ci, bayan ɗan lokaci na bi da rabin dankali, jiki ya dawo. Mai shan maganin suga a irin wannan wuri ta gefe biyu ake jiran sa, yawan ci da kuma rashin ci a kan lokaci. Ga layin bayi mai tsawo, ga samarin da giya ta fara kayarwa tun rana ba ta faɗi ba. Wani ya rungume ni yana kiran sunan da ba nawa ba.

Shingen da ban gani a hanya ba, a ƙofar fili na same shi. Ba a shiga da jaka sai wadda ake ganin cikinta, ba a shiga da abinci, kowa sai ya bi ta na'urar bincike. Na nuna musu na'urar suga da magani, suka duba suka bar ni da su. Tikitinmu na can ƙololuwa ne, dala 85 kowanne, hawa kamar ba za a kai ba. A ciki gorar ruwa dala 5, abin ci kuma tsiran burodi ne da soyayyun abubuwa da cuku, na gode wa Allah da na shigo a ƙoshe. Wasan minti 60 ne a agogo, amma ya haura awa uku saboda tsaye-tsaye. Ban gane dokokinsa ba, sai dai na ga ƙarti sun yi karo sun zube, a busa, a sake. Ƙarar kuwa na gane ta. Duk lokacin da baƙi ke da ƙwallo sai filin ya ɗauka gaba ɗaya har simintin ƙarƙashin ƙafata na rawa. Yaron ya ce a 1988, a wasansu da ƙungiyar jami'ar Auburn, ihun da aka yi sai da na'urar auna girgizar ƙasa ta sashen ilimin duwatsu na jami'ar ta nuna shi.

Masu gida suka ci. Muka koma rumfa muka naɗe kaya cikin dare, mutane na ta kwashe shara a manyan ledoji. Fita daga harabar zuwa tsallaken gada, tafiyar da ba ta kai kilomita goma ba, ta ci mana kusan awa biyu. Na gwada suga kafin in kwanta, yana inda ya kamata. Ƙafafuna ne dai suka yi tsami, kunnena kuma bai daina ƙara ba sai da muka wuce Lafayette washegari.

Da muka zauna lissafi a Hiyustan, mai da masauki da tikiti da cefane sun tasar wa dala 800, tsakanin mu uku. Yaron bai bari na sa ko sisi ba.

Bayan na dawo Zariya 'yar ta kira. Ta ce dattijon ya neme ta har rumfa a wasan da ya biyo baya, da takarda da biro, wai a rubuta masa yadda ake haɗa yajin nan. Ƙuli-ƙuli ya ƙare, sai ta nuna masa garin gyaɗar da aka tatse wa mai, wanda ake sayarwa a manyan shagunansu. Ya ce zai gwada shi a kan kada, don al'adarsu ce duk shekarar da ƙungiyar Florida ta zo, mai alamar kada, sai sun gasa guda sukutum. Ya kuma ce a gaya mini an ajiye mini kujera. Na ce ta gaishe shi da kyau, ta ce masa kujerar na karɓa, kadan kuwa ya ci abinsa.